Wasiƙu uku a adaka: sun isa a sauya wa kaka uba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni haifaffiyar Jos ce, gidanmu yana Gangare. Kakata ta wajen uwa, Hauwa'u, wadda kowa ya sani da Delu, mun tashi mun ji ana cewa 'yar Malam Inuwa ce, wanda ya zo daga Kano zamanin haƙar kuza, kuma uwargidansa ce ta haife ta. Bana muna gyaran ɗakin tsohuwa sai muka tarar da wasiƙu uku na ajami a adaka. Ta farko daga ɗan'uwan Malam Inuwa, Malam Haruna na Kano, da shekarar 1346 a ƙasanta, yana cewa "ina gaida 'yata Delu". Ta biyu daga 'yar'uwarsu, ba kwanan wata, tana cewa "ka riƙe amanar yarinyar nan da ke hannunka, ka san ba ta da uwa". Ta uku tana cikin ambulan mai kan sarki, daga Malam Haruna: "na wakilta ka ka ɗaura auren Hauwa'u, sadakinta ka ajiye mata". Shin wannan ya isa a ce kakata 'yar Malam Haruna ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Bai isa ba tukuna, amma kuma ba abin da za a ture gefe ba ne. Wasiƙun nan uku nauyinsu ba ɗaya ba ne, kuma wadda na tabbata ta fi tsaya miki a rai, mai cewa "'yata", ita ce mafi rauni a cikinsu.

Kafin a shiga ma'ana, a tsare takardun. Kada a kai su a liƙe cikin leda da zafi, abin nan da ake yi wa takardun makaranta, domin ba ya warwaruwa kuma yana rufe duk wata alama da ke jikin takardar. Kada a manna salatif a inda ya yage, kada a sa dutsen guga, kada ruwa ko gumin hannu ya taɓa rubutun, don tawadar gawayi da ƙaro tana narkewa. Ki ɗauki hoton kowace wasiƙa gaba da baya a hasken rana na inuwa, ba da walƙiyar waya ba, da rula a gefe don a san girmanta. Ki ɗauki ambulan ɗin shi ma gaba da baya. Ki rubuta a wani littafi dabam inda aka same su, ranar da aka same su, waɗanda ke wurin, da abin da ke tare da su a adakar, ko da rasidin haraji ne ko laya. Sannan kowace a shimfiɗe tsakanin fararen takardu biyu, nesa da bango da ƙasa, don damshin daminar Jos da gara ba su bar takarda. Daga nan duk wanda zai karanta, hoto za a ba shi.

Yanzu "'yata". Hausa ba ta ware wa 'yar ɗan'uwa kalma dabam ba. 'Yar wanka 'yarka ce, 'yar ƙanenka 'yarka ce, kuma baffan da ya rubuta "'yar ɗan'uwana" a wasiƙar zumunci ya yi abin da za a ji nauyinsa, kamar yana nesanta yarinyar. Don haka da Malam Haruna uba ne da baffa ne, kalmar da zai rubuta ɗaya ce. Har ma al'ada takan juya abin: uban da ya haifa shi ne mai alkunya, shi ne zai ce "ina gaida mutanen gida" ya yi shiru, musamman in 'yar fari ce, baffa kuwa ya kama suna kai tsaye. Akwai ma wanda zai rubuta "ina gaida uwata" alhali jaririya yake nufi, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Mai neman asali da ya ɗauki kalmomin zumunta na Hausa a kan ma'anarsu ta zahiri, zai haɗa salsalar da ba ta taɓa wanzuwa ba.

Abin da ya fi "'yata" amfani a wannan layin shi ne laƙabin kansa. Delu, kamar Kande, suna ne da ake yi wa macen da aka haifa bayan maza. To, wace mace ce a gidajen biyu ta jera maza kafin ta haifi mace? In uwargidan Malam Inuwa ba ta haifi namiji kafin Delu ba, matar Malam Haruna kuwa tana da maza biyu ko uku da suka girme ta, kin sami alama. A ƙirga har da waɗanda suka rasu suna jarirai, don su ne ake mantawa. Sai dai a yi hattara, laƙabi yana bin suna: yarinyar da ta ci sunan wata Delu takan gaji laƙabin ko da ita ce 'yar fari.

Sannan a tabbata an karanta kalmar daidai, domin ajami yana da tarkuna a daidai wurin da ake bukata. "'Yata" da "yata", wato yayata mace, da yawan marubuta harafi ɗaya suke sa musu. "'Yarka" da "'yarki" wasali ɗaya ne tsakaninsu, fataha ko kisira, kuma mai sauri yakan bar wasulan. A bakin mutanen Sakkwato da Katsina, "ɗiyata" da "ɗiyatta", wato tawa da tata, abin da ya raba su a takarda bai wuce shadda da alif ba, kuma ƙudan tawada ko cin ƙwaro ya isa ya ɓatar da shadda. Shi ya sa ba a dogara da makaranci ɗaya. A ba mutum biyu hoton, kowa shi kaɗai, ba tare da an gaya masa abin da ake nema ba, kowa ya mayar da shi boko harafi da harafi, ya sa alama inda bai tabbata ba. Ɗaya daga cikinsu ya zama tsohon malamin zaure da ya tashi da rubutun Warshu, inda fa ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf ke da ɗigo ɗaya a sama. Wanda ya koyi Larabci da bugun zamani kaɗai yakan karanta ƙaf ɗin nan a matsayin fa, ya sauya sunan mutum ko na gari bai sani ba. In akwai jimlolin Larabci a tsakani, kamar yadda aka saba, a lura da su sosai, don Larabci ya fi Hausa rarrabewa a nan: bintu akhi 'yar ɗan'uwa ce, rabiba agola ce, yatima wadda ubanta ya rasu ce.

Shekarar 1346 ta Hijira ta fara a farkon Yulin 1927 ta ƙare a Yunin 1928. Hanyar lissafi ta gaggawa ita ce a ninka shekarar Hijira da 0.97 a ƙara 622. In an ci karo da shekara da aka rubuta da ramzi, wato haruffa maimakon lambobi, a yi amfani da hisabin Magariba da malamanmu ke bi, inda shin ke 1000, sin ke 300. Shekarar 1346 za ta fito shin, sin, mim, waw. Wanda ya lissafa haruffan nan da hisabin Gabas zai sami 406, ya ce takardar ƙarya ce.

Wasiƙa ta uku kan sarkinta zai taimaka. In sarkin da ke jiki mai gemu ne, Joji na Biyar ne, wanda ya rasu a Janairun 1936. In marar gemu ne, Joji na Shida ne, kuma nasa sun fara fitowa daga 1937. In Sarauniya ce, daga 1953 ne, kuma nan take kin san ba auren fari na Delu ake magana ba. Hatimin gidan waya, in yana karantuwa, zai ba da rana da garin da aka jefa ta. Amma ambulan ba shaidar wasiƙa ba ne sai an gwada: tsofaffi suna zura kowace takarda a kowane ambulan da ya samu. A duba ko ninkin takardar ya dace da girmansa, ko hannun da ya rubuta adireshin da tawadar sun yi kama da na ciki. A ce an tabbata na 1938 ne, kuma a zamanin ana aurar da yarinya tana da shekara goma sha uku zuwa sha biyar, haihuwarta ta faɗa tsakanin 1923 da 1925, a 1346 ke nan tana da shekara biyu zuwa biyar. Sai ki gwada wannan da shekarar haihuwar ɗan farin Delu. In ɗan farinta ya riga wasiƙar zuwa duniya, ko dai ba auren fari ba ne, ko wata Hauwa'u ce, kuma gidan Hausawa mai Hauwa'u ɗaya tak ba shi da yawa.

Ita wadda ba ta da kwanan wata, jikinta ake tambaya. A ɗaga ta ga haske a ga ko akwai tambari a cikin takardar. Mai jinjirin wata uku takarda ce ta Italiya da fatake suka daɗe suna kawowa ta Sahara, kuma an yi ta amfani da ita har farkon mulkin Turawa, don haka tana nuna tsufa amma ba ta ba da shekara. Rubutun biro kuwa ba zai riga tsakiyar shekarun 1940 ba, domin kafin nan bai shiga kasuwa ba. Wasiƙar da ta ce 1346 amma da biro aka rubuta ta, kwafi ce, ba lalle jabu ba, sai dai mai kwafi yana gyara abin da ya ga kamar kuskure. A kuma karanta sauran wasiƙar, ba layin da ya shafe ki kaɗai ba. Ambaton Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya sa ta tsakanin 1926 da 1953. Ambaton diban gwamna, wato tilasta wa mutane aikin kuza lokacin yaƙin Hitila, ya sa ta tsakanin 1942 da 1944. Ambaton jirgin ƙasa ta Kafanchan ya sa ta daga 1927, don kafin nan ƙaramin jirgin Zariya ne ke hawowa Jos da Bukuru.

Wani abu da ake mantawa: mai magana a wasiƙa sau da yawa ba shi ne mai rubutu ba. Gwaggon nan mai wasiƙa ta biyu da wuya ita ta riƙe alƙalami. Ta faɗa wa wani almajiri ko malamin unguwa, shi kuma ya zuba maganar a salon da ya saba. Kuma wasiƙa a lokacin ba sirri ba ce, a zaure ake karanta ta, wani lokacin wanda ya kawo ta ma ya san abin da ke ciki. Don haka abin da ke da nauyi a baki ake ba ɗan aike, takarda ta ɗauki hannunka-mai-sanda. Wannan ne ya sa wasiƙa ta biyu ta ce "yarinyar nan" ba ta kama suna ba, kuma wannan ne rauninta. Gidan mai sana'a a Jos na wancan zamani cike yake da yaran da ba shi ya haifa ba: 'yan riƙo daga Kano, agololi, marayun leburorin kuza, 'ya'yan abokan ciniki. Sai kin lissafa duk yaran mata da suka tashi a gidan Malam Inuwa kin ga ba wata da maganar ta fi dacewa da ita.

In ta tabbata Delu ce, to wasiƙar ta faɗi abu babba, amma a kan uwa ta faɗe shi, ba uba ba. In uwargidan da kuka sani ta yi tsawon rai, ba za a ce da 'yarta "ba ta da uwa" ba. Sai dai wannan bai fitar da Malam Inuwa ba. Yana yiwuwa 'yarsa ce da wata matar da ta rasu ko ta fita, uwargida ta goya ta, gwaggo kuma tana jan kunnensa kan riƙon kishiyar uwa. Yana yiwuwa uwar ƙwarƙwara ce aka daina ambatonta. Dokar Turawa ta 'yanta duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901, amma ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936, kuma sa-ɗaka ta ci gaba a tsakanin. 'Yar ƙwarƙwara a shari'a 'ya ce cikakkiya mai gado, amma jikoki sukan mayar da ita ɗakin uwargida a bakinsu. Kalmomin "amana" da "hannunka" dai sun fi kama da abin da aka ba mutum ajiya, ba abin da ya haifa ba. Wannan ra'ayina ne a kan salon magana, ba hujja ba ce.

Wasiƙa ta uku ita ce mai nauyi, kuma dalilin shi ne magana ce da ke da hukunci a bayanta. Gaisuwa ba ta ɗora wa kowa komai, amma wakilci yana tafiya ne daga mai haƙƙi zuwa marar shi. A mazhabar Malikiyya uba ne waliyyin 'yarsa budurwa, kuma yana raye yana nan baffa ba ya aurar da ita sai da izininsa. Da Malam Inuwa ne uban, ba ya bukatar kowa ya wakilta shi. Wannan shi ne karatun farko, kuma yana goyon bayan zatonki.

Amma akwai karatu na biyu da duk Bahaushe ya sani. Uba ba ya son tsayawa waliccin 'yarsa, kunya yake ji, sai ya miƙa wa ɗan'uwansa, galibi wansa. A ce Malam Inuwa ya aika Kano cewa ga 'yarka ta isa aure, ka zo ka bayar. Malam Haruna tafiya ta gagare shi, sai ya mayar masa: na wakilta ka. Kalmomin ɗaya ne, uban kuwa na Jos ne. Don haka tambayar da za ki fara kai wa tsofaffi ita ce, tsakanin su biyun wane ne wa, wane ne ƙane? In Malam Haruna ne ƙane kuma ga shi yana ba wansa izini har yana gaya masa yadda za a yi da sadaki, wasiƙar ta ƙara nauyi ƙwarai. In shi ne babban gida, ta ragu.

Akwai kuma karatu na uku, wanda ya dace da wasiƙun duka ba tare da an lanƙwasa ko ɗaya ba: wani ɗan'uwansu na uku ne ya haife ta ya rasu, uwar ma ta rasu, Malam Inuwa ya ɗauke ta, walicci ya faɗa kan babban baffa. Kada ki tsaya a kan mutum biyu don su kaɗai kika san sunansu. Ki nemi jerin 'ya'yan mahaifinsu gaba ɗaya, da wanda ya mutu da ƙuruciya.

Abin da zai raba waɗannan karatu uku ba wasiƙar gaisuwa ta huɗu ba ce. Wurare ne da addini bai bar wa kunya da kara hanya ba, kuma biyu ne manya: gado da aure. 'Yar riƙo ba ta gadon wanda ya riƙe ta, agola ba ta gadon mijin uwarta, 'yar ɗan'uwa ba ta da kaso a dukiyar baffanta. Da Malam Inuwa ya rasu, Delu ta shiga rabo? In an ba ta rabin abin da aka ba kowane ɗa namiji, a gaban malamai ko alƙali, kuma 'yan'uwa ba su ce uffan ba, wannan ya fi wasiƙunki uku nauyi a haɗe, don mutane sukan yi kara a suna amma ba su cika yi a gida da gona ba. In kuwa wasiyya ya bar mata, alamar ta juya, domin ba a yi wa magaji wasiyya, wanda ba ya gado ake yi wa, daga sulusin dukiya zuwa ƙasa. Kyautar da ya ba ta yana raye, ɗaki ko fili, ba ta nuna komai, ana yi wa kowa. Haka za a tambaya a Kano: da Malam Haruna ya rasu, an aiko mata da kasonta? A nan a bambance "an ba ta wani abu" da "an fitar mata da kaso". Na farko ihsani ne.

Aure kuma yana yanke magana nan take in an yi sa'a. Wa Delu ta aura, a auren fari da na baya? In ta taɓa auren ɗan Malam Haruna, ba 'yarsa ba ce, an gama. In ta auri ɗan Malam Inuwa, ba tasa ba ce. A duba 'ya'yanta ma ta fuskar shayarwa: in an taɓa hana wani aure a dangi da cewa "sun sha nono ɗaya", a bi a ji wace ce ta shayar da wa, don sau da yawa nan ne labarin jaririyar da uwarta ta rasu yake ɓoye.

Wajen tsofaffi, tsari yana da muhimmanci. Kada ki fara da nuna wasiƙa, don da zarar an ji abin da takarda ta ce, tunanin kowa zai karkata can, ba kuma za ki iya dawo da shi ba. Kowa shi kaɗai, da izininsa a naɗi murya a waya. Kada ki ce "wa ya haifi Delu", za a ba ki amsar da aka saba. Ki tambayi abin da ido ya gani: ina ta je goyon ciki da wankan haihuwar fari, wa ya yi mata gara da kayan ɗaki, sunan wa ba ta iya faɗa, wa take kira Baba wa take kira Baffa, wa ta sa wa 'ya'yanta sunansa, ta'aziyyar wa ta tafi Kano ta daɗe. Ki nemi zuriyar kishiyoyi da matan da aka auro cikin gidan, su ne ba su da abin karewa. Kuma kowace magana ki tambayi daga bakin wa aka ji ta. Tsofaffi biyar da duk daga gwaggo ɗaya suka ji, shaida ɗaya ce. Ki tuna kuma wasiƙun da ke gidanku waɗanda aka aiko ne. Amsoshin Malam Inuwa, in sun tsira, suna Kano a gafakar zuriyar Malam Haruna, kuma jimla ɗaya a cikinsu kamar "'yar da ka ba ni" za ta fi duk abin da muka tattauna.

Takardar haihuwa kada ki ɓata lokacin nemanta, ba a cika yi wa talakawan Arewa rajistar haihuwa a shekarun 1920 ba. Abin da ake iya dacewa da shi shi ne littattafan kotunan alƙalai, inda ake rubuta rabon gado da sunayen magada saboda ushirar da ake cira. Waɗanda suka tsira wasu suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, wasu a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, wasu ba su bar ɗakunan ajiyar kotuna ba. Ki tafi da shekarar rasuwa ko kusa da ita, da sunan unguwa da na mai unguwa, in ba haka ba ba inda za a fara. Da yawan gado a gida aka raba shi, don haka rashin samu ba ya nuna komai. Don gane takarda da hannu, Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana da tarin rubuce-rubucen Larabci na hannu, haka ma Arewa House a Kaduna, kuma gwada taki da takardun da aka san shekarunsu ya fi kintace.

Za a ce miki ki yi gwajin ƙwayoyin halitta. Yana iya taimakawa, amma ba irin wanda ake yi tsakanin uba da ɗa ba, wancan ba ya kai wa ga kakanni. Wanda ake bukata shi ne mai auna yawan abin da mutum biyu suka yi tarayya a kai, kuma a yi shi da mafi tsufan waɗanda ke raye. A ce mahaifiyarki ko wani ɗan Delu, a gwada shi da jikan Malam Haruna da jikan Malam Inuwa. A lissafi, jikokin mutum ɗaya da iyayensu suke uwa ɗaya uba ɗaya suna tarayya a kusan kashi 12.5 cikin 100, in iyayen 'yan uba ne kusan 6.25, jikokin wa da ƙane shaƙiƙai kuwa kusan 3. Ɓangaren da ya fi yawa shi ne na uban. Matsalar ita ce waɗannan matsakaita ne, na gaske yana hawa yana sauka har su haɗe, kuma auren zumunci yana ƙara adadin ta hanyoyin da ba a lissafa ba, don haka mutum ɗaya daga kowane ɓangare bai isa ba, a nemi uku-uku. Ga tambayar uwa akwai gwaji dabam, na abin da ake gada ta tsatson mata zalla: ke kanki, tunda 'yar 'yar Delu ce, kina ɗauke da na mahaifiyar Delu. A gwada ki da wadda ta fito daga uwargida ta mata zalla. In kun saɓa, ba ita ta haife ta ba. In kun dace, bai tabbatar ba, musamman in matan wa da ƙanen 'yan dangi ɗaya ne ta wajen uwa.

Duk wannan binciken tarihi ne, ba hukunci ba, kuma a raba su. A shari'a nasaba tana tabbata da shimfiɗar aure, da iƙirarin uba, da shaidu adalai, har da abin da ya yaɗu tsakanin mutane tun da daɗewa ba mai musu, don haka abin da danginku suka shekara ɗari suna faɗa shi ma hujja ce, ba a kayar da shi da hasashe. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta yanke a 2002 cewa ba a kore nasabar da ta tabbata a shari'a da gwajin ƙwayoyin halitta. A kotun zamani kuma, Dokar Shaida ta 2011 ta yarda a ɗauka cewa takardar da ta kai shekara 20, ta kuma fito daga inda ya dace a ajiye ta, rubutun wanda aka jingina wa ne. Ba ta ce abin da ke cikinta gaskiya ne ba. A kula da harshe ma: ba ɗaya daga cikin karatun nan da ya taɓa mutuncin kowa, riƙo ne ko maraici, abin yabo ga wanda ya riƙe. Kada garin ba da labari wani ya mayar da shi zargin haihuwa ba aure, wannan ƙazafi ne ga matattun da ba za su kare kansu ba.

A yadda abin yake yau, in za ki rubuta salsalar gidanku, ki bar Delu a ƙarƙashin Malam Inuwa, ki sa a gefe cewa wasiƙar wakilci ta nuna mai yiwuwa 'yar riƙo ce daga gidan Malam Haruna ko wani ɗan'uwansu, wasiƙar gwaggo kuma ta sa shakka a kan uwa in har Delu take nufi. Ki haɗa hoton wasiƙun da karatun makaranta biyun da sunan wanda ya faɗi kowace magana. Sai ki fara da tambayoyin da ba su cin ko kwabo: wane ne wa tsakanin Inuwa da Haruna, su nawa ne a wurin ubansu, kuma wa Delu ta fara aura.